Wasiƙar da Shafi Ya Ce Ya Aika Amma Ba Ta Isa Ba

A wannan wata za mu tattauna ne a kan wata matsala da ta addabi makarantu da ƙungiyoyi da ƙananan 'yan kasuwa na zangunanmu tun da suka fara mallakar shafukan intanet, watau matsalar wasiƙar imel da shafi yake aikawa amma ba ta isa hannun mai ita. Uba ya biya kuɗin makarantar ɗansa ta shafin makaranta, ya zauna jiran rasit, shiru. Ɗaliba ta manta kalmar sirrinta ana saura kwana biyu a rufe rajista, ta nemi a aiko mata da sabuwa, shiru. Sakataren ƙungiya ya aika da sanarwar taro ga mambobi, ranar taro ta zo rabin kujeru ba kowa, aka hau zargin juna da rashin kishi. Abin da ya fi ciwo shi ne, shafin yana rubuta wa kowa cewa an aika, saboda haka mai shafin ba ya sanin akwai matsala sai bayan mai afkuwa ta afku.

Galibi idan haka ta faru, yaron da ya haɗa shafin ake fara kamawa, a ce bai iya aikinsa ba. Wani lokaci haka ne, amma sau da yawa aikinsa lafiya lau yake. Inda gizo ke saƙar shi ne wajen kamfanin da ya ba shafin masauki, domin kusan kowane irin wannan kamfani yana da iyaka da ya ɗora a kan yawan wasiƙun da shafi zai fitar, da kuma hanyar da za su bi su fita. Ra'ayinmu shi ne, wannan iyaka tana da dalili mai ƙarfi, kuma duk wanda ya fahimci dalilin zai iya isar da wasiƙunsa cikin mutunci, da ɗan kuɗi ƙalilan, ba tare da ya haura katangar kowa ba.

Gidan Haya Mai Mita Ɗaya

Kafin mu yi nisa, bari mu bayyana abin da muke nufi da masauki. Shafin intanet ba a iska yake zaune ba. Hotunansa da rubuce-rubucensa suna ajiye ne a cikin wata babbar kwamfuta da ba a kashe ta dare da rana, wadda masu sana'ar suke kira saba. Kamfanin da ya mallaki wannan kwamfuta, yake karɓar kuɗin haya duk wata ko duk shekara, shi muke kira mai masauki. Mai hali yakan kama saba guda shi kaɗai. Amma yawancinmu masauki mai araha muke kamawa, inda ake tara shafuka masu yawan gaske a kwamfuta ɗaya, kamar dai gidajen hayar da muka sani a Nima ko Aboabo: ɗaki-ɗaki, tsakar gida ɗaya, mitar wuta ɗaya.

To, kowace saba tana da lambar da ake gane ta da ita a intanet, ana kiranta lambar IP, kuma shafukan da ke cikinta da wannan lamba suke fitar da wasiƙunsu. Gmail ko Yahoo idan wasiƙa ta zo musu, cikin abubuwan da suke fara dubawa akwai lambar da ta fito daga gare ta, da kuma irin halin da aka san wannan lamba da shi a baya. Idan ɗaya daga cikin 'yan hayar ya shiga watsa tallan ƙarya, ko kuwa ɓarayin intanet suka fasa shafinsa suka mayar da shi wurin aika wasiƙun damfara ba da saninsa ba, sunan gidan gaba ɗaya ne zai ɓaci. Wake ɗaya ke ɓata gari. Ma'aikatan lantarki idan suka zo yankan wuta a gida mai mita ɗaya ba sa tambayar wane ɗaki ne ya ƙi biya, kowa zai kwana a duhu.

Akwai ma ƙungiyoyin da aikinsu ke nan, watau tara lambobin da aka kama suna watsa tarkacen wasiƙu. Wadda ta fi shahara ita ce Spamhaus, wadda Steve Linford ya kafa a shekarar 1998. Duk lambar da ta shiga wannan baƙin kundi, gidajen wasiƙa da yawa a duniya za su rufe mata ƙofa, kuma fitar da ita yakan ɗauki lokaci da wahala. Mai masauki kuwa da sunan lambarsa yake cin abinci. Shi ya sa ya gwammace ya takura wa kowa kaɗan, da a ce mutum ɗaya ya jawo masa asarar dukan 'yan hayarsa.

Inda Aka Faro

Mai karatu zai iya tambaya, me ya hana a gane mai gaskiya da maƙaryaci tun daga bakin ƙofa? Amsar tana cikin tarihi. Ƙa'idar da kwamfutoci ke bi wajen miƙa wa juna wasiƙa, wadda ake kira SMTP, wani masani ɗan Amurka mai suna Jon Postel ne ya rubuta ta a shekarar 1982. A wancan zamani masu amfani da hanyar ba su da yawa, galibinsu malaman jami'a ne da masu bincike, ana aiki ne bisa yarda da juna. Saboda haka ba a sa wata hanyar tantance mai aikowa ba. Duk sunan da mutum ya rubuta a bayan ambulan, shi za a karɓa. Alhali kuwa tun 1978 an ga alamar abin da ke tafe, lokacin da Gary Thuerk, wani ma'aikacin talla na kamfanin kwamfuta na DEC, ya aika da talla guda ga mutum wajen 400 a lokaci ɗaya, jama'a suka yi ta ƙorafi. Da intanet ta buɗe ga kowa a shekarun 1990, sai abin ya zama annoba. Duk matakan da za mu ambata a ƙasa faci ne da aka yi ta yi wa wancan tsohon gini.

Shingaye Uku

Shinge na farko shi ne na adadi. Masaukai masu araha da dama suna amfani da wata manhaja mai suna cPanel, kuma a cikinta akwai gurbin da mai masauki yake rubuta yawan wasiƙun da kowane shafi zai fitar a awa guda. Adadin ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, amma galibi 'yan ɗaruruwa ne. Idan aka haura, manhajar takan ajiye kaɗan daga cikin rarar zuwa awa ta gaba, sauran kuwa ba za su fita ba sam. A kuma lura, kamfanoni da yawa masu karɓa suke ƙirgawa, watau wasiƙa guda da aka jera wa adireshi 50, wasiƙa 50 ce a lissafinsu. Har ila yau akwai wani ma'aunin: idan adireshin da ake aika wa da yawa sun mutu, wasiƙu suna ta dawowa, manhajar tana iya dakatar da shafin na ɗan lokaci ko da bai kai adadinsa ba.

Shinge na biyu shi ne na ƙofa. Kowace saba tana da ƙofofi masu lamba, kowace irin hulɗa da tata ƙofar. Ƙofa ta 25 ita ce tsohuwar hanyar da gidajen wasiƙa ke miƙa wa juna saƙo, kuma ita ce masu watsa tarkace suka fi so. A shekarar 1998 aka ware ƙofa ta 587 domin mai aikawa ya shiga da suna da kalmar sirri, sa'an nan akwai ta 465 mai irin wannan aiki. Manyan kamfanoni irin su Amazon da Google suna rufe ƙofa ta 25 ga masu hayar sabobinsu tun daga farko. Kamfanin DigitalOcean kuwa duka ukun yake rufewa. Shafin da ya yi ƙoƙarin fita ta ƙofar da aka rufe, sai ya yi ta juyi har lokaci ya ƙure masa.

Shinge na uku ba a hannun mai masauki yake ba, yana can ne wajen masu karɓa. Daga watan Fabrairu na 2024, Google da Yahoo suka tsananta sharuɗɗansu. Duk mai aika wasiƙa zuwa Gmail dole ya kasance yana da aƙalla ɗaya daga cikin shaidu biyu, SPF ko DKIM, waɗanda za mu bayyana nan gaba. Mai aika 5,000 ko fiye a rana kuwa sai ya haɗa duka biyun da ta uku mai suna DMARC, ya sauƙaƙa wa mutane hanyar cire sunansu daga tallansa, kuma kada masu ƙorafi a kansa su kai 3 cikin 1,000. Kamfanin Microsoft ya bi sahu ga manyan masu aikawa a watan Mayu na 2025. Ke nan wasiƙa tana iya tsallake shingen mai masauki lafiya, ta je can a ƙi ta, ko a jefa ta akwatin tarkace inda ba mai dubawa.

A Fara Gano Ciwon

Tun da shingayen uku ne, kuma kowane da maganinsa, kuskure ne a fara sayen magani kafin a san ciwon. Abu na farko da ya kamata a sani shi ne, kalmar "an aika" da shafi yake nunawa ba shaida ba ce. Manhajar WordPress, wadda fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya suke amfani da ita, da zarar ta miƙa wasiƙa ga sabar da take zaune a kai ba tare da tangarɗa ba, sai ta ce aiki ya yi. Kamar yaron da aka aika gidan waya ne, ya jefa wasiƙa a akwati ya dawo ya ce ya kai. Gaskiya ya faɗa, amma bai san abin da ya biyo baya ba.

Saboda haka sai a rubuta wa mai masauki a tambaye shi abubuwa uku a fili: wasiƙa nawa aka yarda shafi ya fitar a awa da kuma a rana, waɗanne ƙofofi ne a buɗe zuwa waje, kuma me ke faruwa da wasiƙun da suka haura iyaka. Wannan haƙƙin ɗan haya ne, ba roƙo ba ne. Bayan haka a shiga cPanel a duba gurbin da aka rubuta wa Track Delivery, inda ake jera kowace wasiƙa da abin da ya same ta. Za a ga waɗansu lambobi masu alƙaluma uku. Wadda ta fara da 2, an karɓa. Wadda ta fara da 4, kamar 421 ko 451, tana nufin a dakata a sake gwadawa. Wadda ta fara da 5, kamar 550, an ƙi ke nan, sake aikawa ba zai yi amfani ba sai an gyara dalilin. Daga ƙarshe a aika da wasiƙar gwaji daga shafin zuwa adireshi uku na gidaje daban-daban, Gmail da Yahoo da Outlook, a duba akwatin tarkace na kowanne.

Sau da yawa wannan bincike yakan tono wani abin da ba a zata ba. Fom ɗin "tuntuɓe mu" da ba shi da gwajin tantance mutum da inji, injinan masu tarkace sukan cika shi dare da rana, kowane cikawa kuma wasiƙa ce da ke cin kason shafin. Kafin uba ya zo biyan kuɗi da safe, kason awar ya ƙare a kan shirme. Toshe wannan ɓaraka kaɗai yakan warkar da shafuka da dama.

Hanya ta Farko: a Bi Layi

Idan shingen adadi ne kaɗai matsalar, maganin da ba ya cin ko kwabo shi ne a sa wasiƙu su bi layi. Bari mu yi lissafi da misali. A ce makaranta tana da iyaye 1,200, mai masauki kuma ya yarda da wasiƙa 200 a awa. Idan aka sake su gaba ɗaya, kusan 1,000 ba za su fita ba. Amma idan aka umarci manhajar da ta riƙa sakin uku a kowane minti, watau 180 a awa, cikin awa 6 da minti 40 kowa ya samu. An kuma bar gurbin wasiƙa 20 a kowace awa domin rasit da kalmar sirri, waɗanda ba sa jira. Wannan ragi da muka yi da gangan shi ne muhimmin abu a lissafin, domin wanda ya cike kasonsa taf da sanarwa, ya toshe hanyar wasiƙun gaggawa da hannunsa. Sannu ba ta hana zuwa. Sanarwar da aka fara saki da daddare, kafin a buɗe makaranta ta gama isa.

Manhajojin aika sanarwa da ake maƙala wa WordPress galibi suna da wurin da ake rubuta wannan adadi. Sai dai akwai wani tarko da ya kamata a sani. Agogon da WordPress ke amfani da shi wajen ayyukan da aka tsara wa lokaci ba ya motsi sai wani ya buɗe shafin. Shafin makarantar unguwa kuwa da ƙarfe biyun dare ba mai buɗe shi, sai layin ya tsaya cik. Maganinsa shi ne a ce wa mai kula da shafin ya ɗora aikin a kan agogon sabar kanta, wanda ake kira cron, ya riƙa tada shi duk bayan 'yan mintoci. Haka kuma a daina liƙa wa kowace wasiƙa babbar takarda ko hotuna masu nauyi. A ɗora takardar a shafi sau ɗaya, a sa adireshinta a cikin wasiƙar.

Hanya ta Biyu: a Ba Masu Sana'ar

Idan wasiƙun sun yi yawa, ko kuwa sunan lambar gidan hayar ya riga ya ɓaci, to, bin layi ba zai wadatar ba. A nan sai a raba aiki: mai masauki ya ci gaba da riƙe shafin, wasiƙu kuwa a miƙa su ga kamfanin da aika wasiƙa ce sana'arsa. Kamar ɗan kasuwar da shagonsa ke gidan haya ne, amma idan zai tura kaya Tamale sai ya kai tasha ya ba direban da aka sani. Irin waɗannan kamfanoni suna da lambobinsu da suke tattalin sunansu, kuma suna nuna wa mutum wace wasiƙa ce ta isa, wacce ta dawo. A WordPress ana haɗa wannan da ƙaramar manhaja irin su WP Mail SMTP, aikin da bai fi na awa guda ba ga wanda ya iya.

Kamfanin Brevo na Faransa, wanda kafin 2023 ake kira Sendinblue, yana ba da damar aika wasiƙa 300 a rana kyauta. Wannan ya ishi rasit da kalmar sirri na yawancin makarantunmu, amma sanarwar iyaye 1,200 za ta ɗauki kwana 4. Amazon SES kuwa yana karɓar santi 10 na dalar Amurka a kan kowace wasiƙa 1,000. Makarantar misalinmu idan ta aika da sanarwa huɗu a wata, wasiƙa 4,800 ke nan, kuɗinsu bai kai rabin dala ba. Sai dai sabon shiga ana fara ajiye shi a matakin gwaji, wasiƙa 200 a rana, kuma ga adireshin da ya tabbatar kaɗai, har sai ya rubuta ya bayyana irin wasiƙun da zai riƙa aikawa an amince masa. Saboda haka ba ranar da ake bukata ake zuwa buɗewa ba. Sa'an nan biyan yana bukatar katin banki mai aiki a ƙasashen waje, abin da ya kamata ma'aji ya shirya da bankinsa tun da wuri.

Muna kuma jan kunne game da dogaro da kyauta. Kamfanin SendGrid ya daɗe yana da tsarin kyauta, shafuka da yawa suka jingina da shi, amma a shekarar 2025 ya janye shi. Wanda bai karanta sanarwar ba, sai dai ya wayi gari ya ga wasiƙunsa sun tsaya. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Ƙungiyar da ke ware kuɗin lemo da hayar kujeru a kasafinta, ba za ta gaza ware 'yan sidi domin wasiƙunta ba.

Waɗansu sukan ce, me zai hana a yi amfani da akwatin Gmail na ƙungiya kawai? Ga ƙaramin shafi yana yiwuwa, amma a san iyakarsa. Akwatin kyauta 500 ne a rana, na kuɗi kuwa, watau Google Workspace, 2,000 ne, kuma wanda ya haura ana iya hana shi aikawa har tsawon awa 24. Tun shekarar 2022 Google ya daina yarda manhaja ta shiga akwatin kyauta da kalmar sirri ta yau da kullum, sai an kunna tantancewa mai mataki biyu an ciro wata kalmar sirri ta musamman domin manhajar.

To, idan mai masauki ya rufe ƙofofin wasiƙa fa, ta ina za a kai wa waɗannan kamfanoni saƙon? Akwai mafita ta halal. Kusan dukansu suna karɓar wasiƙa ta wata hanya da ake kira API, wadda ke bi ta ƙofa ta 443, watau ƙofar da ake bi wajen buɗe shafuka, kuma da wuya a sami mai masaukin da ya rufe ta. Wannan ba satar hanya ba ce, domin abin da mai masauki ke tsoro shi ne wasiƙa ta fita da lambarsa. A nan kuwa da lambar wancan kamfani za ta fita, shi zai ɗauki nauyinta. Masu masauki da kansu sukan ba da wannan shawara.

Hatimi Uku

Kowace hanya aka bi, sai an yi wa wasiƙa shaida, in ba haka ba shinge na uku zai tare ta. Shaidun nan 'yan layukan rubutu ne da ake sakawa a rajistar sunan shafi, wadda ake kira DNS. SPF, wanda aka wallafa ƙa'idarsa a 2006, jerin sabobin da mai shafi ya yarda su aika wasiƙa da sunansa ne, kamar takardar da hedimasta yake kai wa banki mai ɗauke da sunayen waɗanda aka yarda su sa hannu. DKIM, na 2007, hatimi ne da ake buga wa kowace wasiƙa, wanda mai karɓa zai iya gwadawa ya tabbatar daga gidan ta fito kuma ba a taɓa ta a hanya ba. DMARC, wanda ya fito a 2012, umarni ne ga mai karɓa a kan abin da zai yi da wasiƙar da ta zo da sunanmu amma ta faɗi waɗancan gwaje-gwaje: ya bar ta ta wuce, ya killace ta, ko ya ƙi ta.

Kamfanin da aka zaɓa shi zai ba da layukan da za a kwafa. Abin kiyayewa shi ne, layin SPF guda ɗaya tak ake yarda da shi ga kowane suna. Idan akwai tsoho, sai a ƙara sabon kamfanin a cikinsa. Wanda ya rubuta na biyu ya lalata duka biyun. DMARC kuwa a fara shi da umarni mafi sauƙi, a yi makonni ana duba rahoto, kafin a tsananta.

Akwai kuma wani kuskure da ya yawaita a fom ɗin tuntuɓa. Baƙo ya rubuta adireshinsa na Yahoo, sai shafin ya sa wannan adireshi a gurbin mai aikowa. A idon masu karɓa wannan sojan gona ne, domin sabarmu ba ta cikin waɗanda Yahoo ya yarda su yi magana da sunansa, kuma tun watan Afrilu na 2014 Yahoo ya umarci duniya da ta ƙi irin wannan wasiƙa. Daidai shi ne a sa adireshin shafin a gurbin mai aikowa, na baƙon kuma a gurbin mayar da amsa.

Dabarun da Ba Mu Yarda da Su Ba

Akwai waɗansu dabaru da ake yaɗawa waɗanda muke ganin cutarsu ta fi amfaninsu. Ɗaya ita ce a cusa adireshi ɗaruruwa a wasiƙa guda. Mun riga mun ce masu karɓa ake ƙirgawa, kuma idan aka yi kuskure aka jera su a gurbin CC maimakon BCC, an tona adireshin kowa ga kowa ke nan. A nan Gana, Dokar Kare Bayanai ta 2012, watau doka mai lamba 843, ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane nauyin kiyaye su, kuma makaranta ko ƙungiya ba ta fita daga ciki ba. Wata dabarar ita ce buɗe akwatuna barkatai a riƙa raba aikin a tsakaninsu don a ɓoye adadi. Wannan ita ce ainihin ɗabi'ar masu tarkace, kuma injinan tsaro ita aka koya musu su gane. Ƙarshenta a rufe akwatunan, ko a kori shafin daga masauki. Sai kuma sayen jerin adireshi a hannun dillalai, ko kwafo su daga wata ƙungiya. Mutumin da bai nemi wasiƙarka ba shi ne zai danna ƙorafi, kuma mun ga cewa 3 cikin 1,000 sun isa su ɓata suna. Wanda kuma yake tunanin kama saba shi kaɗai ya kafa gidan wasiƙarsa, ya sani cewa sabuwar lamba ba ta da tarihin da za a yarda da ita, kuma tsaron irin wannan gida aiki ne na kullum, ba na mai sa-kai da ke leƙowa ranar Asabar ba.

Makulli a Hannun Wa?

Magana ta ƙarshe ta shafi shugabanni ne, ba masu kwamfuta ba. Sau da yawa ɗan'uwa ɗaya ne yake buɗe komai da sunansa da lambar wayarsa: masauki, rajistar suna, da kamfanin wasiƙa. Ranar da ya yi tafiya ko aka sami saɓani, ba mai iya shiga, kuma duk gargaɗin da kamfanoni ke aikowa akwatinsa yake faɗawa. Ya kamata a buɗe waɗannan abubuwa da adireshin makaranta ko na ƙungiya, a rubuta makullansu a ajiye a hannun mutum biyu masu riƙe da muƙami. A kuma sa wa sakatare aikin minti biyar a farkon kowane wata: ya cika fom ɗin shafin da kansa, ya nemi sabuwar kalmar sirri, ya ga ko wasiƙun sun iso. Adireshin da ya dawo da lamba 550 saboda babu mai shi, a cire shi nan take, a nemi sabo wajen mai shi. Sanarwar da ta shafi rai ko wa'adi kuwa, kada a bar ta ga imel kaɗai. A haɗa da saƙon waya, tun da shi jama'armu suka fi dubawa.

Muna roƙon shugabannin makarantu da na ƙungiyoyi da su kai wannan magana zamansu na gaba, su kira mai kula da shafinsu su yi masa tambayoyin nan uku da muka jera. Idan ya amsa, madalla. Idan bai sani ba, a ba shi mako guda ya tambayo. Sai mun sake saduwa a wata mai zuwa.